Malam Manzo da Jan Tauraro

Akwai wani malamin kwaleji a Ibohamane, can ƙasar Keita, ana ce masa Mushe Abdulaziz, don "Mushe" ake kiran malaman boko a Nijar. Ƙanwarsa Shafa'atu ce ta ba ni labarinsa, kuma wallahi tun da na ji shi raina bai yi daɗi ba.

Mushe yana da madubin hangen taurari, wani farin bututu mai ƙafa uku da ya sayo na hannu a Yamai. Yakan ɗaure wayarsa a bakin madubin, ya ɗauki bidiyon duniyar Mars, jan tauraron nan, sannan ya tace shi a kwamfuta har hoto ɗaya mai kyau ya fito. A hotunan ana ganin duhu-duhun ƙasar Mars da farar ƙanƙara a gefe guda. In ya sa a shafinsa, mutane daga Tawa har Turai sai yabo suke. To, kun san ɗan Adam da yabo. Kan Mushe ya kumbura, gaisuwa ma sai ya ga dama yake amsawa.

Mahaifinsa, Malam Manzo, manomin gero ne. Hawan jinin ido ya riga ya cinye masa idon dama. Likita a Madawa ya faɗa musu gaskiya, ya ce na hagun ma yana kan hanya, magani jinkirta abin kawai zai yi. Abdulaziz yana tsaye a wurin aka faɗi wannan magana.

A azumin 2018 Mars ta fara matsowa kusa da duniyarmu. Lokacin sahur take fi kyan gani, don haka kullum Abdulaziz yana tsakar gida da madubinsa. Wata rana tsohon ya fito da buta zai yi alwala, ya tsaya a bayansa.

"Abdu, mi kake gani cikin wanga bututu? Bar ni in sa ido ko sau guda."

Abdulaziz bai ko waiwayo ba. Ya ce in ya kwance wayar, saita ta kuma aiki ne, kafin ya gama gari ya waye. Ya miƙa masa wani tsohon hoto ya ce ya kalli wannan. Malam Manzo ya ce shi ba hoto yake so ba, da idonsa yake son ganin halittar Allah tun yana da sauran ido. Ɗan ya ce ya yi haƙuri sai bayan salla, lokacin Mars za ta fi girma, zai nuna masa ita sosai.

Tsohon ya ce to, ya wuce alwalarsa.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne wanda ya biyo baya. Cikin goman ƙarshe Abdulaziz ya gayyaci diraktan kwalejinsu da abokan aikinsa su yi sahur a gidan. Ran nan wayar da ba ta kwantuwa sai ga ta a aljihu. Aka yi layi, kowa ya sa ido yana salati. Malam Manzo ya dogara sandarsa ya tsaya a ƙarshen layin, a cikin gidansa fa.

Da aka zo kansa, Abdulaziz ya juya ga baƙin, ya ce da Faransanci wai tsoho so yake ya duba ko an yi ruwan shuka a can. Aka kwashe da dariya. Sannan ya ce wa uban gari ya soma haske, a bari sai wani jiƙon. Malam Manzo ba ya jin Faransanci, amma ya san da shi ake. Shafa'atu ta ce hurar da ta dama masa ma bai taɓa ba, haka ya ɗauki azumin ranar.

Bayan salla sai ikon Allah. Wata irin guguwar ƙura ta tashi a can Mars, ta yi ta yaɗuwa har ta lulluɓe ta baki ɗaya. Nan kuma damina ta kankama, yau hadari, gobe gajimare. Ranar da sama ta buɗe, Abdulaziz ya duba ya ga Mars ta yi girma yadda ya yi alkawari, amma sumul take kamar gwaiduwar ƙwai, duk tabon nan sun ɓace.

Ya shiga fushi da kowa. Shafa'atu ta same shi ta roƙe shi, ta ce ko a hakan ya nuna wa Baba, ai shi jan kawai zai gani ya ji daɗi. Ya daka mata tsawa, ya ce shi ba zai nuna wa kowa wannan abin kunya ba, a jira ƙura ta kwanta. Ta ce idon Baba fa ba ya jira. Ya ce tun bara ake ta faɗin haka.

Malam Manzo bai sake tambaya ba. Ya daina zuwa gona, Abdulaziz ya ɗauka gajiya ce. Ya daina zuwa masallaci shi kaɗai, wannan ma Abdulaziz bai lura ba, domin daga lakwal, wato makaranta, sai ɗakinsa, yana bin labarin ƙurar Mars a waya. Ya san yanayin wata duniya ciki da waje, bai san uwar da ta haife shi ce take ɗora hannun ubansa a kan akushi ba.

Sai da kaka ta yi, aka fara yankan gero, sannan ƙurar ta lafa. Mars ta ragu da girma, amma duhu-duhun jikinta ya dawo, kuma da an yi magariba take bayyana. Wata yamma Abdulaziz ya saita madubin, ya ga abin ya yi kyau, zuciyarsa ta yi sanyi. Sai a lokacin ya tuna alkawari. Ya ƙwala kira, ya ce a ce wa Baba ya zo.

Shafa'atu ce ta fito da shi, tana riƙe da hannunsa. Aka nemo kujera, aka gyara masa zama, aka kai fuskarsa bakin madubin. Duk wannan ya ɗauki lokaci. Tsohon ya manna idon hagu, can ya ce:

"Masha Allahu. Ja ne ƙwarai. Allah shi yi maka albarka, Abdu."

Abdulaziz ya sunkuya yana murmushi don ya ga abin da uban ya gani. Babu komai a ciki sai baƙin sama. Madubinsa ba shi da injin bin tauraro, in an bar shi kaɗan abin da aka saita sai ya zame ya fita. Tun ana neman kujera Mars ta fice. Duhu uban nasa ya kalla, ya sa masa albarka.

Ya sake saitawa, ya ce Baba ya ƙara dubawa, yanzu ga ta nan tsakiya.

"Bari, Abdu," in ji Malam Manzo. "Tun watan jiya ko hitilar masallaci ban ganinta. Na zo ne don ka kira ni."

Ya miƙa hannu yana lalube, Shafa'atu ta kama shi suka koma ciki. Abdulaziz ya zauna a ƙasa gindin madubin, har aka kira isha'i bai tashi ba.

Darasi: Abin da iyayenka suka roƙe ka yau, yi musu shi yau, ko bai kai kyan da kake so ba. Kada ilimi da yabon mutanen waje su sa ka mayar da wanda ya haife ka ƙarshen layi. Ku tura wa duk wanda iyayensa ke raye, wataƙila akwai mai cewa "sai gobe" a cikinsu.