Lemar Lamduan

Akwai wata mata a Khon Kaen, ƙasar Thailand, mai suna Lamduan. Shekara ashirin da biyu tana ɗaukar wa 'yan wasan golf jaka, lambarta 47, kowa Pa yake kiranta, wato inna, don girmamawa. Tara daga cikin shekarun nan jakar Khun Wirot dillalin motoci take ja, mutumin da ko gaisuwa sai ya ga dama yake amsawa.

Wata rana ya zo da baƙi. A ramin ƙarshe, inda tafki ke hannun dama, ya buga ƙwallo uku, duk suka karkata, tsundum cikin ruwa.

Lamduan ta matso, murya ƙasa-ƙasa. "Khun, tun daga sama kake ɓata bugun. Kafaɗarka na riga ƙugunka juyowa, sai sandar ta biyo ta waje ta yanki ƙwallon. Bari hannunka ya sauko ta ciki tukuna."

Ashe wani baƙo ya ji. Ya kwashe da dariya. "Wirot, ashe malamarka ce!"

Wirot ya harzuƙa. "Ke 'yar ɗaukar jaka, me kika sani? Shiga ki tsamo mini ƙwallayena."

Wallahi sai da ta shiga, tana lalube cikin taɓo, baƙi na ɗaukarta hoto. Bai tsaya nan ba, ya sa manajan kulob ya dakatar da ita, wai sai in wani ya nemi lambarta da kansa. To wa zai taka wutsiyar Wirot?

Wata biyu tana dakan gwanda da barkono a bakin titi tana sayarwa. Ta rantse sai ya ɗanɗani ruwan nan.

Sai ga Ajan Thawin, tsohon malamin makaranta, wanda cutarsu ɗaya da Wirot wajen buga ƙwallo. Shi ya je ya nemi lamba 47 da kansa. "Pa, abin da kika faɗa masa, ni ki faɗa mini."

Ta kafa lemarta a ƙasa dab da ƙwallon, ta waje. "In ka biyo ta waje, lema za ka doka."

Ƙwas! Lema huɗu tsohon nan ya karya. Ita kuwa ba sassauci. "Ƙugu tukuna, Ajan! Ina kake sauri, kasuwa za ta tashi ne?"

A kulob ɗin, wanda ya ci kofin shekara shi ke shugabantar kwamiti. Wirot ya riga ya yi alwashin yana hawa kujerar zai soke lamba 47 har abada. Sai ga shi wasan ƙarshe ya haɗa shi da Thawin, suka iso ramin tafkin nan kunnen doki.

Thawin ya ɗaga sanda, ya sauko da ita ta ciki. Ƙwallo ta miƙe ɗoɗar ta wuce ruwa.

Wirot ya gyara tsayuwa. Ya san yana kuskure, amma mutum ba ya ganin abin da sandarsa ke yi a bayansa. Ya ɗan raɓo kusa da Lamduan, wadda ke riƙe da jakar Thawin. "Pa... me kika ce mini ran nan?"

Ta haɗa tafin hannu ta rusuna. "Ni 'yar ɗaukar jaka, Khun, me na sani?"

Ya buga. Kafaɗa ta riga, sanda ta biyo ta waje. Tsundum! Ya sake. Tsundum!

Lamduan ta saɓa jakar Thawin, ta waiwayo. "Kada ka ji tsoro, Khun. Ruwan iya ƙugu ne, na auna maka."

Thawin ya ci kofi. Ranar Litinin aka mayar da lamba 47 kan allo, a sahun farko.

Darasi: Kada ka wulaƙanta na bayanka, shi ke hango kuskuren da idonka ba zai taɓa gani ba. In ka ƙi jin gaskiya ranar da aka ba ka ita kyauta, ranar da za ka roƙa ba za ka samu ba. Ku tura wa duk wanda kuka san girman kai ya toshe masa kunne.