Tukwanen da Cosimo Ya Fitar da Zafinsu

Cosimo Quaranta ɗan garinmu ne, Grottaglie, garin maginan tukwane, kuma shagonsa na kusa da nawa a nan Charleroi, inda muka zo ci-rani. Man zaitun, cuku da tukwanen ƙasa yake kawowa daga gida. Ba mugun mutum ba ne, amma ba ya iya jira. Ko gaisawa kuke, idonsa na kan agogo. Yayarsa Filomena ce ke riƙe da kicin ɗin shagon, kuma taliyar da take murzawa da hannu ita ke jawo rabin masu saye.

Wata shekara, dab da Kirsimeti, ya tafi gida Grottaglie da babbar mota. An loda man zaitun da cuku, saura tukwane. Kawunsa Oronzo, tsohon maginin tukwane, ya nuna masa tanderun gasa su a rufe.

"Jiya na kashe wuta. Sai ya kwana uku yana hucewa."

"Haba Kawu! Kwana uku? Sai ka ce gawa muke zaman makokinta?"

"Idan iska mai sanyi ta taɓa su yanzu, sun mutu. Ba za ka gani da ido ba, amma sun mutu."

Da tsohon ya tafi cin abincin rana, Cosimo ya ɗauki ƙarfe ya ɓalle ƙofar tanderun. Zafi ya buso masa fuska. Daga ciki ya ji wata 'yar ƙara, ƙis, can kuma wata, ƙis. Ya sa safar hannu ya fara fitarwa.

Kawu Oronzo ya dawo ya tarar an gama lodi, saura tukunya ɗaya. Ya ƙwanƙwasa ta da yatsa. Maimakon ta yi amo, sai ta yi tuɗ, kamar an bugi katako.

"Ɗana, ka sayar da su a matsayin kayan ado. Kada ka bari kowa ya ɗora su a wuta."

"To, Kawu, na ji," in ji Cosimo, yana tayar da mota.

A shago ya jera su, ya rubuta cewa na girki ne. Wata rana da na shiga shan kofi, shagon ya yi tsit, sai na ji ƙis daga kan kanta. Filomena ta ɗago kai daga kan kwaɓinta.

"Cosimo, kwana biyar ke nan ina jin abin nan. Mene ne?"

"Sanyin ƙasar nan ne, Yaya. Ni ma ƙasusuwana haka suke yi."

Ta dube shi, ba ta yi dariya ba.

Ranar Asabar ya gayyaci masu saye su ɗanɗana miyar wake irin ta gida, don su ga aikin tukwanen. Filomena ta ɗora mafi girma a wuta tun da safe. Ina tsaye a bakin ƙofa ta ɗauko ta da hannu biyu, tana tafasa, tana cewa a ba ta hanya. Taku uku ta yi. Tukunyar ta tsage daga baki har gindi, miyar ta kwararo mata a hannu da cinya.

Har yau ina jin ihun nan.

Wata biyu ta yi a asibiti. Tun ranar da abin ya faru Cosimo ya shiga bin gidaje, yana ƙwanƙwasa ƙofa, yana karɓo tukwanen da ya sayar, yana faɗa wa kowa gaskiya da bakinsa. Biyu bai taɓa gano inda suke ba, kuma wannan ya hana shi sukuni. Hukuma ta rufe shagon.

Da aka kwance wa Filomena bandeji, yatsunta sun ƙanƙance, ba sa miƙewa. Ya durƙusa a gefen gadon yana kuka.

"Yaya, ki yafe mini."

"Tambaya ɗaya zan yi maka. Ranar da na tambaye ka ƙarar nan, ka sani?"

Ya kifa fuskarsa a kan gadon.

"To, tashi ka je. Na san kana sauri."

Darasin da ke nan shi ne, kowane aiki yana da lokacin da yake buƙata, kuma wanda ya ƙi jira ba lallai ne shi zai sha wuyar ba. Idan gwani ya ce ka dakata, ka dakata. Idan kuwa ka riga ka yi ɓarna, ka faɗa tun kafin ta faɗa kan wanda ya yarda da kai.