Akwatin da Tabawa Ta Wanke

A zamanin da, tun ana auna hankalin mutum da girman rawaninsa, an yi wani sarki wai shi Barau. Labarin nan kowa a karkace yake ba da shi, ni kaɗai na riƙe shi daidai, don kakan kakana ne ke yi wa Wazirinsa aski.

Shekara tara Sarki Barau da Sarkin Gabas suna zare wa juna ido a kan wata rijiya ta bakin iyaka. Rannan sai ga manzo daga Gabas, Madugu Jatau, ɗauke da kyauta naɗe cikin ƙyalle. Al'adar garin kuwa, ba a tambayar baƙo abin da ke tafe da shi sai ya kwana uku. Aka kai Madugu masauki, aka shigo da kyauta fada.

Ana warwarewa sai ga ɗan akwati baƙi wuluk, yana sheƙi har mutum na ganin haƙoransa a jiki, ga tsuntsaye na ruwan zinariya a kan murfin. Sarki ko kallon kirki bai yi masa ba. Shi a saninsa, in an aiko maka da abu a kwano, na ciki ne naka, kwano na masu shi ne. Ya buɗe. Allura uku masu tsatsa, da ƙullin zare, da wani almakashi da ko ganyen rama ba zai yanka ba.

Sarki ya ce, "Waziri Kwasau! Maɗinki ya maishe ni?"

Kafin Waziri ya buɗe baki Madawaki ya yi tsalle ya dire. "Zaki, ai magana a fili take! Allura masu ne, zare igiyar da zai ɗaure mu ce, almakashi kuwa gemunmu zai datse. A cika masa abinsa da barkono a mayar, mu kuma mu ɗaura sirdi!"

Waziri ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, ko za a dubi akwatin kansa?"

Sarki ya ce, "Akwati zan ci? Ranar da baƙon nan ya cika kwana uku ka gaya mini ma'anar saƙon. In ka kasa, a tuɓe maka rawani a buga gangar yaƙi."

Waziri ya fito yana ta tsaki a ciki. Shekara talatin yana kashe wutar da mutanen nan ke kunnawa, ko sannu ba mai ce masa. Ya tara malamai, suka yini suna musu a kan ko tsatsar ma tana cikin saƙon, suka cinye masa rago guda suka watse.

Washegari da hantsi ya ɗauki goro ya nufi masaukin Madugu, wai ya zo tambaya ko sauro ya bar shi ya runtsa. Ana cikin tauna goro sai ya ce, "Kai, allurar ƙasarku akwai kyau."

Madugu ya yi dariya har ya ƙware. "Wace allura, ranka ya daɗe? Ai tarkacen tsohuwa ne, an dai bar su yadda ta bari. Akwatin ɗinkin kakar Sarkinmu ne, ya haura shekara ɗari, daga bayan teku ya zo. Sau arba'in aka shafe shi da ƙaron wani icce, kowane shafi sai ya bushe kafin a ƙara wani. Ba abin da Sarkinmu ke so kamarsa, shi ya sa ya aiko da shi neman sulhu. Amma fa a kiyaye, ko jiƙaƙƙen hannu ba ya so."

Waziri ya fito da sauri har yana tuntuɓe da rigarsa. Ga ma'ana ta samu, ga rawani ya tsira. Yana shiga cikin gidan Sarki sai ya ji ƙarar gurzar abu, ƙarr, ƙarr, ƙarr. Ya leƙa. Jakadiya Tabawa ce, tsohuwar da ta goyi Sarki, ta miƙe ƙafa a bakin randa, ga toka, ga yashi, ga soso, ga akwati a cinyarta. Murfin ya yi fari tas kamar sabuwar ƙwarya. Tsuntsu ɗaya ya rage, shi ma ba kai.

Waziri ya dafe bango. "Iya! Me kika yi?"

"Me na yi kuwa? Sarki ya ce a mayar, na ce da wannan baƙin? Kamar gindin tukunya! A je Gabas a ce gidan Barau ba mata? Ya ce to, in wanke. Tun safe nake fama, ɗan nan, dauɗar har hawa-hawa ce. Matsa ka tare mini haske, saura gefe."

Waziri ya fizge akwati ya cusa a hammata ya faɗa wurin Sarki, ya zayyana masa komai. Sarki ya ce, "Wa ya ce a wanke?"

"Kai ka amince, ranka ya daɗe."

"To kai ina kake har aka bari na amince?"

Waziri ya haɗiye abin da ya zo masa baki, don in ya fito, ba rawani kaɗai za a tuɓe ba. Ya dai san in Madugu ya ga murfin nan, gara ma barkonon Madawaki. Yana cikin sosa ƙeya sai hannunsa ya taɓa layar da ke rawaninsa, ɗinke ruf cikin jar fata. Shekara nawa yana yawo da ita, bai taɓa ganin cikinta ba, ba kuma wanda ya taɓa cewa a buɗe. Nan take ya aika a kirawo Sarkin Dukawa da jar fatarsa mafi kyau.

Rana ta uku fada ta cika. Aka shigo da akwati bisa matashi, an ɗinke shi ruf, ga ado kore da rawaya, ga tuntaye na lilo. Gindinsa kaɗai aka bar wa 'yar taga, inda soson Tabawa bai kai ba, yana ta sheƙinsa.

Waziri ya ce, "Madugu, a ƙasar nan abin da ya fi komai daraja ba ma barin ido ya cinye shi. Ɗinke shi muke yi. Ka gaya wa ubangidanka mun gane abin da ya rabu da shi."

Madugu ya leƙa taga ya ga fuskarsa, sai hawaye. "Mu shekara ɗari muna barinsa tsirara!" Aka yi rantsuwa a kan rijiya, kowa ya sha, ba mai hana wani. Madawaki kuwa, Sarki ya sa aka dafa masa barkonon da ya tanada, aka tsaya a kansa har ya shanye.

To, kafin la'asar Sarki ya manta cewa al'adar jiya aka ƙirƙiro ta. Ya sa aka ɗinke tambarinsa, aka ɗinke takalmansa na Sallah, aka ɗinke butarsa ta alwala. Sannan ya juyo ya ƙura wa Waziri ido, fuska cike da ƙauna.

"Kwasau, duk ƙasar nan ba abin da ya kai ka daraja a wurina. Sarkin Dukawa, fata nawa za ta ishe shi?"

Waziri ya dubi basilla a hannun Sarkin Dukawa, ya dubi Tabawa da ke bakin ƙofa da sosonta tana jiran tukuicin wanki. Ya faɗi ya yi gaisuwa.

"Allah ya ja zamaninka, ni tsohon kwano ne. A ba Iya ta wanke."

Iyakar abin ke nan. Wanda bai yarda ba ya je ya farke fatar ya gani.