Ƙahon da Ba a Busa Ba

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum a nan Greensboro, ba sai an faɗi sunansa ba. Ranar da labari ya iso wa matarsa Rahina wata Asabar ce, tana jera kaya a shagon da take aiki a Wendover. Aka kira ta a waya aka ce ta nemi wuri ta zauna tukuna.

Mijin nata yana aiki ne a wani filin golf na masu hali, can cikin kwari tsakanin manyan duwatsu, tafiyar awa uku a mota. Ba a shiga sai ɗan ƙungiya. A wurin nan hadari ba ya sallama. Ta bayan dutse yake leƙowa, kafin ka ɗaga kai ya rufe ka. Shi ya sa aka damƙa wa mutumin nan amana guda: in na'ura ta nuna tsawa ta matso, ya busa ƙaho, kowa ya bar fili.

To amma manyan ba sa son a katse musu wasa. Sukan dafa kafaɗarsa, su kira shi abokinsu, su ce ya ɗan jinkirta. Ya jinkirta sau ɗaya, ba abin da ya faru. Ya sake. Har yakan ba da labarin a gida yana dariya.

Rahina ta ce, "Baban Afnan, Yaya Garzali fa yana cikin filin nan."

Ya ce ita me ta sani game da golf?

Garzali wanta ne, mai 'ya'ya biyu. Mijin ne ya samo masa aikin gyaran ramukan yashi, can ƙarshen fili inda babu mafaka.

Ranar ana ƙarasa gasa, saura rami ɗaya, na'ura ta yi ja. Mutumin ya ɗora yatsa a kan maɓallin da ke busa ƙahon, ya dubi manyan, ya ɗauke. Garzali ya ga sama ta yi baƙi, amma bai ji ƙaho ba, kuma ya san wanda ke riƙe da shi. Ya ci gaba da aiki, manjagara a hannu. Nan tsawa ta same shi.

Mutumin ya rantse cewa ya busa, na'ura ta ƙaryata shi. Masu dafa kafaɗa suka yi kamar ba su taɓa ganinsa ba. Aka kore shi. Ya kasa shiga sahun jana'iza, ya kasa haɗa ido da marayun, daga baya ya bar garin. Yau ba a san inda yake ba.

Ajali na Allah ne, gaskiya ne. Amma ƙahon a hannun wa aka sa? Ya 'yan uwa, wanda ya ji kunyar mutane ya ci amana, mutanen ba za su tsaya masa ba, a nan ko a can.

Rahina kuwa har yau, in ta idar da Asuba, sai ta buɗe waya ta duba ko akwai hadari a kwarin nan, alhali ba ta da kowa a can.

Allah ya kiyaye mu da cin amanar da aka damƙa a hannunmu. Amin.