Wainar Ƙwan da Tae-sik Ya Raina

Akwai wani dattijo a birnin Busan mai suna Gong Tae-sik, tsohon direban bas. Shi da matarsa Sun-ja suna zaune a wani ɗan gida can ƙolin tudu, unguwar da mota ba ta shiga, sai dai mutum ya yi ta taka matakala har numfashinsa ya sarƙe.

Tun da suka yi aure, kullum da safe Sun-ja ke soya masa naɗaɗɗiyar wainar ƙwai da karas da lawashi a ciki, ta ajiye kusa da shinkafa da miya. Bai taɓa ce mata sannu ba. In gefe ya ɗan yi duhu, sai ya ture farantin, ya ce abin da yaro ma zai iya shi ne ya gagare ta.

Wata rana cikin hunturu Sun-ja ta zame a kan ƙanƙarar matakala, ƙashin ƙugunta ya karye. Aka yi mata aiki, aka ɗauko ta aka hau da ita gida. Daga ranar duniyarta ta koma gado da rufin ɗaki.

Kafin a sallame su daga asibiti, likita ta ja Tae-sik gefe. Ta ce ƙasusuwan matarsa sun yi rauni ƙwarai, ta tambaye shi me take ci da safe. Abin da shi yake ci kawai ya sani. Sai a waya 'yarsu Mi-ran ta faɗa masa: ragowar shinkafa ce da ruwan zafi da ɗan kimchi, wato kabejin da aka tsuma da yaji, a tsaye, bayan ya fita.

Likita ta ce dole kullum ta samu abinci mai gina jiki, ƙwai da awara da ganye. In jikinta bai yi ƙarfi ba, ba za ta ƙara tsayuwa da ƙafarta ba.

Mi-ran tana can birnin Seoul da aiki da ƙananan yara. Don haka komai ya dawo kan Tae-sik.

Mutumin da ya saba wuni a dandali wajen dara da abokansa, yanzu iyakarsa kasuwa, shi ma a guje, don kada ta nemi ruwa ko bayan gida ba ya nan. Gidan ya ƙanƙance masa. Ko'ina warin magani. Wani lokaci yakan tsaya a bakin ƙofa yana kallon jiragen ruwa suna barin tasha can ƙasa a bakin teku, har sai ya ji ta yi tari, ya koma ciki.

Wainar kuwa ta ƙi shi. Yau ta ƙone a waje ciki ɗanye, gobe ta dagargaje a kasko. Karas ɗinsa manya, ga tauri. Sun-ja takan ɗan taɓa, sai ta juya fuska bango. Kullum ƙara ramewa take.

Da Mi-ran ta ce akwai gidan jinyar tsofaffi da za a iya kai mamarta, bai ce to ba, bai ce a'a ba. Amma ya ji zuciyarsa ta yi sanyi da maganar, kunyar kansa ta kama shi.

Wata safiya kaskon ya sake ƙonewa, hayaƙi ya cika kicin. Tae-sik ya wurga cokali a wurin wanke-wanke, ya ce da ƙarfi shi dai an ɗaure shi ba tare da ya yi laifin komai ba.

Can muryar Sun-ja ta fito daga ɗaki.

"Baban Mi-ran, kira yarinyar nan. Ka ce na yarda a kai ni can, ka huta."

"Wa ya ce miki na gaji?"

"Ai na ji ka. Kuma ban ji haushi ba. Na san yadda kicin ɗin nan yake matse mutum. Tagarsa ma bangon maƙwabta take kallo."

Ya ɗaga kai ya dubi tagar. Bango ne kuwa, siminti tsirara, kusa har hannu zai taɓa. 'Yan makonni ya yi a wurin nan yana jin kamar zai shaƙe. Ita tun tana amarya take tsaye a nan.

Sannan ya ciro ɗan murhun gas da suke zuwa yawon shaƙatawa da shi, ya kai gefen gadonta, ya ɗora a kan ƙaramin tebur, ya buɗe taga. Ya kwaso ƙwai da kayan lambu ya zauna a ƙasa.

"Koya min," ya ce, bai dube ta ba.

Ta sa ya yanka karas ƙanana kamar ƙwayar shinkafa. Ya matse ruwan awara ya murƙushe ta cikin ƙwan, ya ƙara alayyahu da lawashi. Mai kaɗan, a shafa kawai. Da ya kai hannu zai ƙara wuta, ta ce, "Direba, taka birki. Ba fasinja ke jiranka ba."

Ta ce ya zuba kaɗan, ya jira, ya naɗe tun saman bai bushe ba, ya ƙara zubawa, ya sake jira. Jiran nan shi ya fi ba shi wuya.

Wainar ta fito a karkace, amma ta nuna har ciki. Sun-ja ta cinye tas. Ta goge baki ta ce gishiri ya yi yawa. Ya ce gobe zai rage.

Da yamma ya kira Mi-ran ya ce ta bar zancen gidan jinya.

Abin bai zo da sauƙi ba. Akwai ranakun da ƙirjinsa ke ƙuntata, akwai ranakun da ita ke kuka don ciwo. Amma kullum da safe murhun na gefen gado. A hankali fuskarta ta ciko. Ta zauna, ta tsaya, ta fara takawa da sanda zuwa ƙofa.

Sai da sanyi ya wuce, itatuwa suka yi fure, sannan ta sauka matakalar nan a karon farko, tana riƙe da hannunsa, suna hutawa a kowace kwana. Da suka isa kasuwa, mai sayar da ƙwai ta rungume ta, ta tambaye ta wane iri za a ba ta, manya ko matsakaita.

Sun-ja ta nuna mijinta da haɓa.

"Tambayi mai girkin," ta ce.

Darasi: Hidimar da ake maka kullum kada ka ɗauka banza ce don ka saba da ita. Akwai wanda ya tsaya a inda kai ba za ka iya jurewa ba kafin abincin ya iso gabanka. Ka gode masa, ka tambaye shi ko shi ma ya ci, tun bai kwanta ba. Ku tura wa duk wanda ake ajiye wa karin kumallo a gabansa.