Mutumin Da Ya Cire Shaf Ɗin Motarsa

Akwai wani mutum mai wata tsohuwar mota, irin wadda in an tayar da ita sai kajin unguwa su watse. Ta tsufa kam, amma ita ce ƙafar ikkilisiyarsu. Ita ke kai mara lafiya asibiti, ita ke ɗauko masara daga gona.

Wata rana yana karya kwana a bakin kasuwa, sai ya ji ƙara daga wajen tayar gaba: ƙas, ƙas, ƙas. Da ya miƙe hanya sai ta yi shiru. Ya sake karya kwana, ta sake yi. Sai ya kai ta gareji.

Makanike ya leƙa ƙasa, ya ce, "Baba, shaf ne, ƙarfen nan da ke juya tayar gaba. Robar da ke rufe gaɓarsa ta yage tun tuni, giris ya zube, yashi ya shiga ya cinye ciki. Sabo ne magani, sai dai ba zai iso daga birni ba sai mako mai zuwa. In kana sauri, akwai dabararmu. In cusa masa giris mai kauri, in naɗe da leda, in ɗaure tamau. Ko zomo ba zai ji ƙara ba."

Mutumin ya ce, "Zai warke ke nan?"

Makanike ya yi dariya, ya ce, "Zai yi shiru dai."

Mutumin ya ce a bar masa ƙararsa, ya lallaɓa motar ya kai gida.

To, ga inda gizo ke saƙar. Washegari ne zumuntar mata za su tafi babban taro a wani gari da ke kan dutse, hanyar kuwa duk kwana ce, hagu dutse, dama rami. Matar mutumin nan ce mai ba da waƙa. Ta daɗe tana koya wa mata sabuwar waƙa, har an ɗinka anko. Wansa kuma dattijo ne a ikkilisiya, shi ya miƙe a gaban jama'a ya yi alkawari cewa motar gidansu za ta kai su.

Da ya faɗa musu motar ba za ta je ba, matarsa ta ce, "Haba, Baban Talatu! Wannan 'yar ƙarar? In muka ɗauki waƙa muka buga tulu, wa zai ji ta?"

Wansa kuwa ya fusata, ya ce, "So kake ka kunyata ni a gaban ikkilisiya? Motar da take tafiya tun kafin a haifi Talatu, gobe ne za ta kashe mutane? In tsoro kake ji, ba ni makulli, ni zan tuƙa."

A gidansu ƙane ba ya hana wa abin da ya nema da bakinsa, balle wan da ya riƙe su tun rasuwar mahaifinsu. Mutumin ya durƙusa, ya miƙa makulli da hannu biyu. Amma ransa ya ɓaci ƙwarai, gama ya san hanyar nan, ya kuma san matan da za su shiga motar ɗaya bayan ɗaya, da 'ya'yan da za su bari a gida.

Da gari ya waye mata suka taru, an sha anko, an ɗauko tulu. Dattijo ya iso yana kaɗa makulli. Me za su gani? Mota a kan duwatsu, taya a kwance gefe, mutumin yana zaune da shaf a kan cinyarsa, hannuwansa baƙi ƙirin.

Ya ce, "Yaya, ban hana ka makulli ba, ba kuwa zan hana ka ba. Amma ƙarfen nan ba zai hau dutse da matan mutane ba, ko da za ka daina amsa gaisuwata."

Kai, ya sha magana ran nan! Wata ta ce taurin kai ne. Wata ta ce ai rashin bangaskiya ne, Ubangiji da ya kiyaye su bara zai kiyaye su bana. Mutumin ya ce, "Ubangijin nan ne ya ba ni kunne kafin ya ba ni mota." Bai kuwa saki ƙarfen ba.

Sai da rana ta take suka sami wata motar tumatir ta kwashe su. Kafin su isa an wuce layinsu, waƙar nan ba a rera ta ba. Matarsa ta dawo da fushi, ta riƙa ajiye masa tuwo ba ko sannu.

Da sabon shaf ya iso, makanike ya zo gida ya ɗaura. Kafin ya tafi ya jefa tsohon cikin kwanon kananzir ya wanke. Baƙin yana fita, sai gaɓar ta wargaje a tafin hannunsa, gutsi-gutsi. Matar tana wucewa da bokitin ruwa, ta tsaya. Ta ɗauki gutsure ɗaya ta jujjuya. Ta ce, "A kan wannan za mu hau dutse?" Wansa kuwa har yau bai ce masa ya kyauta ba, shi ma bai zauna jiran haka ba.

Ma'anar wannan misali ita ce: motar nan ranka ne, shaf ɗin da ya lalace kuwa zunubin da kake ɗauke da shi a ɓoye. Muddin hanya a miƙe take, ba ya ƙara. Sai an zo kwana, ranar fushi, ko ranar da ba mai ganinka, sa'an nan lamirinka ya yi kuka. Giris da leda su ne maganganu masu daɗi da muke toshe kukan da su: "Kowa ma yana yi," "Allah mai jinƙai ne," "Zan gyara bayan biki." Wasunmu ma da waƙar sujada muke rufe shi, mu ɗaga murya don kada mu ji. Tuba kuwa ita ce a ɗaga motar, a ɓata hannu, a cire ruɓaɓɓen, a sa sabo.

Ku sani fa, 'yan'uwa, masu cewa ku yi shiru ku tuƙa ba kullum ne maƙiya ba. Wani lokaci wanka ne, wani lokaci matarka ce, wani lokaci dattijon da kake girmamawa. Ka durƙusa musu, ka ba su girmansu, amma ka ce a'a. Gama ba kai kaɗai ne a cikin motarka ba. 'Ya'yanka suna kujerar baya, su kuwa ba su ji ƙarar ba, kai ne ka ji.