Katifar da Kalilu Ya Saya wa Iya

Akwai wani mutumin Dutsi, Kalilu sunansa, dillalin dabbobi a Kongolam can bakin iyaka. Allah ya buɗa masa a 'yan shekarun nan, ya yi mota, ya ajiye tumbi, har aka fara ce masa Alhaji tun bai je ba. Mutumin kirki ne, kar ku ce na ɓata shi. Aibinsa ɗaya: in ya riga ya yanke abu a ransa, to kunnensa ya tafi hutu.

Mahaifiyarsa, Iya Ummukulsum, tana zaune a Dutsi tare da autarta Khairunnisa. Shekara biyu ke nan ciwon baya da na wuya sun sa ta gaba, har sallah ma a zaune take yi. Ba zafin ciwon ne ya fi damunta ba. Abin da ke cin ranta shi ne ta tsaya da ƙafafunta gaban Ubangijinta, ta yi ruku'u ta yi sujada kamar kowa.

An kai ta asibiti, an ba ta magani. Likita kuma ya ce a duba abin da take kwanciya a kai, don tsohuwar katifarta ta audugar rimi ta dunƙule, ta zama tudu da kwari.

Sai dai Kalilu ɗan fari ne, Iya kuwa irin matan da ce masu tsananin kunyar ɗan fari. Ba ta kama sunansa, ba ta haɗa ido da shi, ba ta doguwar magana da shi. In za ta ambace shi sai ta ce "wancan" ko "yayanki". Ko wuta ce ta ƙone ta, ba daga bakinta zai ji ba. Kalilu ya san haka tun yana yaro, amma samu yana sa mantuwa.

Wata rana da hantsi ya shiga Daura, ya tsaya a shagon wata mai sayar da katifu. Sunanta Nkechinyere, amma duk garin Maman Amara ake ce mata. Ta fi shekara ashirin a Daura. Ko lokacin da aka kawo shari'ar Musulunci wasu 'yan uwanta suka ɗaure kaya, ita ta ce nan ne gidanta. Hausa kuwa ba a magana, har habaici ta iya.

Ya ce, "Madam, katifa nake so. Wadda ta fi kowace kauri, ta fi kowace laushi."

Ta ce, "Sannu da zuwa, Alhaji. Ta amarya ce?"

"Ta tsohuwata ce. Bayanta ke ciwo, da wuya."

Maman Amara ta ajiye ledar da ke hannunta. Ta ce, "To Alhaji, mai ciwon baya ba laushi kaɗai yake nema ba. Mama mai jiki ce ko siririya? A gefe take kwanciya ko rigingine? Matashinta ɗaya ne ko biyu?"

Kalilu bai san amsar ko ɗaya ba, wannan ne ma ya ƙona masa rai. Ya ce, "Ni fa saye na zo yi, ba jarrabawa ba."

"Ka yi haƙuri. Amma ko takalmi ba a saya wa mutum sai an san ƙafarsa."

Shi a ganinsa raina masa aljihu ta yi. Ya nuna wata jibgegiya da ke jingine a lungu, wadda in ka danna ta da hannu sai hannun ya ɓace har wuyansa. Ya ƙara da manyan matasai biyu. Maman Amara ta sake buɗe baki, ya ɗaga mata hannu, sai ta sa aka ɗaure masa a kan mota.

Damina ce ta fara kankama. Gero ya yi kore shar hagu da dama, gajimare farare suna tafiya a hankali kamar ba su da inda za su. Kalilu ya sauke gilashi, ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa yana shigowa, ya lula duniyar tunani. Yana hango Iya kwance luf a kan katifar nan, ciwo yana zarewa daga bayanta kaɗan kaɗan. Yana hango ta ta tashi garau, ta ɗauki buta da kanta, ta tsaya a kan darduma. Har hango matan unguwa yake suna cewa kowa ya haifi irin Kalilu ya huta. Wannan na ƙarshen ya fi maimaitawa, gaskiya.

Da ya isa, gida ya cika. Mata suna shigowa suna danna katifa suna salati. Iya ta juya fuska wajen bango ta ce, "Allah ya yi albarka. Allah ya ba da masu yi."

Tun daga nan, duk Juma'a in ya zo gaisuwa sai ya durƙusa a bakin ƙofa ya ce, "Iya, ya katifa?"

Ita kuma ta ce, "Alhamdu lillahi."

Shi ke nan, sai ya koma Kongolam yana ba abokansa labari. Sau biyu Khairunnisa tana cewa, "Yaya, akwai maganar da..." sai Iya ta yi gyaran murya daga ɗaki, maganar ta mutu a nan.

Ana nan, wata Litinin bayan azahar hanya ta biyo da shi ta Dutsi ba tare da ya sanar ba. An yi ruwa da safe, lungun ya yi taɓo, don haka ya bar mota a bakin titi ya tako da ƙafa. Yana cikin zaure yana kankare takalmi, sai ya jiyo muryar Iya daga rumfa. A hankali take magana, irin ta wanda bai gama farkawa ba.

"Auta, na sake yin mafarkin nan. Wai ga ni budurwa, na ɗauko tulu daga rafi, bayana a miƙe. Ina tafe cikin gero, iska tana kaɗa shi, ruwan tulun ko motsi ba ya yi. Sai na ji kiran sallah. Na sauke tulun na tsaya, na yi kabbara, na yi ruku'u, babu inda ya ce mini uffan. Daɗi kamar in yi kuka. Ina ɗagowa sai ƙasar ta fara lotsawa da ni, ina nutsewa, ina nutsewa. Na farka na ji ni a cikin ramin katifar nan, ko juyi na kasa."

Khairunnisa ta ce, "Iya, ki koma tabarma mana. Da can ai kina iya zama ki yi sallah. Yau kwana huɗu ke nan a kwance kike yi. Wuyan ma ba ya juyawa."

"In koma tabarma a ce me? Yaro ya ɗauko abu a kan mota, duk gari an gani. In sauka daga kai, a ce abin da ya kawo bai yi ba?"

"To bari in gaya wa Yaya."

"Kul! Kar in ji. Ya yi don Allah, Allah ya ba shi lada. Ni dai roƙona, kafin a ɗauki raina in ƙara tsayuwa ko raka'a biyu ce."

Kalilu ya tsaya da takalmi ɗaya a hannu. Kunya ta rufe shi, tausayi ya biyo baya, sai kuma haushin kansa. Wata biyu yana tambayar matar da ya san ba za ta taɓa ce masa a'a ba, yana karɓar amsarta yana kai wa kasuwa. Bai yi sallama ba. Ya mayar da takalminsa ya juya, bai tsaya ko'ina ba sai Daura.

Maman Amara na ganinsa ta gane. Ba ta ce ai na gaya maka ba, kujera ta tura masa.

Ya ce, "Madam, na yi miki rashin kunya ran nan, ki yafe ni. Katifar ta ƙara mata ciwo. Gobe zan kawo ta nan ta gwada da kanta."

Ta yi dariya har da tafa hannu. "Alhaji! Mama za ta kwanta a shago, maza suna wucewa? Kamar ba ka san mutanenka ba. Ni zan je. Haka nake yi wa tsofaffi, in kai musu har ɗaki, mu mata zalla. Amma da sharaɗi ɗaya."

"Faɗi."

"Kai a zaure za ka zauna. In kana wurin, ko dutse na shimfiɗa mata cewa za ta yi ya yi."

Washegari a-kori-kura ta sauke katifu uku a ƙofar gida. Maman Amara ta yafa gyale ta shiga da sallama, Khairunnisa ta taya ta ja. Alhaji Kalilu, mai sayen shanu garke guda, aka bar shi a zaure a kan buzu.

Can sai muryar Maman Amara: "Mama, ki kwanta yadda kika saba. Ni ba 'yarki ta fari ba ce, ki gaya mini gaskiya."

Sai ga dariyar Iya. Kalilu ya manta rabon da ya ji wannan dariyar. Ya jingina da bango, iska mai sanyi tana ratsa zauren, kurciya tana kuka a kan darbejiya. Idonsa ya yi nauyi. Tsakanin barci da farke yake jiyo su, muryoyin suna zuwa suna komawa.

"Wannan ta cika tauri, 'yar nan. Ƙashin kwankwasona take ci."

"To a ɗauke ta. Ga ta biyu. Bari in zura hannu ƙarƙashin ƙugunki. Kin ji? Babu rami, kuma ba ki nutse ba. Auta, zo ki duba bayanta, ya miƙe ko ya lanƙwashe?"

"Ya miƙe."

"Matasan nan biyu kuma a kai su can, sun ɗaga mata kai kamar mai leƙen katanga. Ɗaya ya isa, wanda zai cike tsakanin kafaɗa da kunne."

Daga nan bai ƙara jin komai ba, sai taɓa shi da Khairunnisa ta yi. Ta ce, "Yaya, tashi. Iya ma ta yi barci, ba a kai ga gwada ta ukun ba."

Maman Amara ta fito tana gyara gyale. Ta ce ta tsakiyar ce ta karɓe ta, ba tauri can ba, ba laushi can ba. A bar mata ita kwana goma, in ba ta yi ba a canza. Ta ƙara da cewa, "Katifa ba magani ba ce, Alhaji. A ci gaba da abin da likita ya ce, a mayar da ita ya sake dubawa."

Wannan karon Kalilu ya saurara har ƙarshe. Jibgegiyar kuwa gidansa ya kai, ya kwana uku a kanta ya tashi yana dafe ƙugu, ya sa aka jingine ta.

Kar ku zaci washegari Iya ta tashi da gudu. Sauƙin a hankali ya zo. Bayan mako biyu ta koma sallah a zaune. Bayan wata guda tana zagaya tsakar gida da sanda. Kalilu ya daina tambayarta. In ya gaishe ta ya fito, sai ya ja Khairunnisa gefe ya ce, "Auta, gaya mini tsakani da Allah." Ita kuma ta gaya masa, mai daɗi da marar daɗi, shi kuma ya ɗauki Iya ya mayar asibiti in ranar ta zo.

Har kaka ta yi, aka fara yankan gero. Wata Juma'a ya iso da la'asar, ya yi sallama ba a amsa ba. Ya leƙa tsakar gida. Khairunnisa na zaune bakin murhu, ta ɗora yatsa a leɓe, ta nuna masa ɗaki da ido.

Iya ce a tsaye a kan darduma.

A tsaye, ba sanda, ba dafa bango. Hasken yamma ya shigo ta taga ya sauka a kan mayafinta. Ta sunkuya ruku'u a hankali, a hankali, ta dafa gwiwoyinta, ta daɗe a haka kamar ba ta son ɗagowa. Sannan ta ɗago, ta tafi sujada. Kalilu ya kasa gaba ya kasa baya. Hawaye ya zubo masa har gemu, bai ko share ba.

Ta kai raka'a huɗu cif. Ta yi sallama, ta shafa addu'a, ta daɗe tana kallon tafin hannunta. Ba ta waiwayo ba, amma ta san da mutum a bayanta.

Ta ce, "Auta, wa ya tsaya mini a ƙofa ya tare iska? In yayanki ne, ki zuba masa fura, ki sa masa nono da yawa."

Kalilu ya durƙusa a wurin, dariya da kuka suka haɗe masa.

Darasi: Alheri ba a girman abin da ka kawo yake ba, a sanin halin wanda ka kawo wa yake. Iyayenmu da yawa suna cewa "Alhamdu lillahi" alhali suna shan wahala, don kar su karya mana zuciya. Ka nemi gaskiyar halinsu ta bakin wanda ba sa jin kunyarsa, ka saurari wanda ya san aikinsa ko wane ne shi, kuma kar ka zaɓa wa mai ciwo makwanci ba da jikinsa ba. In kana da tsoho ko tsohuwa a gida, tura wa 'yan uwanka wannan labari su ma su karanta. Allah ya ba iyayenmu lafiya, waɗanda suka rasu ya jiƙansu.